Ɗakin da Miji Ba Ya Shiga

Ranar Talata aka kawo matar yayansa da karyayyen hannu, kuma daga ranar Auta bai sake cin abinci a gidan uwarsa ba.

Shi ke ɗaukar hoton ƙashi a asibitin. Tun daga nesa ya hango su, Yaya a gaba riƙe da jakarta, ita a baya ta rungume hannun cikin mayafi. Duk teburin da suka tsaya, Yaya ke amsawa: sunanta, shekarunta, inda ke mata ciwo.

"Zamewa ta yi a banɗaki."

Ma'aikata sai yaba masa suke, miji mai kula. Haka mutane suke. In namiji ya riƙe wa matarsa jaka, ba mai tambayar abin da hannun ya aikata kafin nan.

"Auta, yi mana da sauri, ina da aiki," in ji Yaya, yana sa kai zai bi ta ciki.

"Nan ba a shiga, Yaya. Hasken na'urar yana illa."

"Har ni?"

"Har Mama."

Auta ya tura ƙofar mai nauyi ya rufe. Duk faɗin asibitin, nan ne kaɗai mace ke zama ba mai amsa mata tambaya.

Tare suka yi makaranta da ita. Shi ya ja Yaya gidan iyayenta, wai rakiya. Yana can yana tattara ƙarfin hali, Yaya ya riga shi buɗe baki. Auta ya haɗiye abinsa, ya koma kiranta Amarya kamar kowa.

Hoton ya fito. Ga sabuwar karaya, ga wata tsohuwa kusa da ita da ta ɗinke a karkace.

"Amarya... wannan banɗakin naku sau nawa yake kayar da mutum?"

Ta yi dariyar yaƙe. "Ka fara tsokanar taka ko, ƙanin miji?"

"Ba wasa nake ba! Wanda ya zame, da tafi yake tarar ƙasa, wuyan hannu ke karyewa. Wannan a tsakiya take. Ta mai kare fuska ce." Ya sassauta murya. "Yana dukanki?"

"Auta, ka rufa mini asiri..."

"Yana dukanki?"

"Mama ta ce in yi haƙuri. Wai babanku ma haka ya yi, da shekaru zai sauko."

"Mama ta sani?!"

"Ita ta ɗaure mini na farkon."

Daga waje Yaya ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Masoyiya, kun gama?"

Ta matsa nesa da ƙofar.

"Kina tsoron komawa gida yau?" Auta ya tambaya. Ta gyaɗa kai. "Ba zan yi komai ba sai da yardarki. In kira Likita? Mace ce, ta ƙofar baya za ta shigo."

Aka sake ƙwanƙwasawa, wannan karon da ƙulli.

"Kira ta..."

Likita ta shigo ta ja kujera. Ba ta ce "me kika yi masa" ba, tambayar da dangi ke fara yi. Cewa ta yi, "Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Wa kika amince da shi a danginki?"

"Gwaggona."

Aka kwantar da ita a sashen mata, aka hana kowa ganinta sai wanda ta ambata da bakinta. Yaya ya shaƙe wuyan rigar Auta a gaban marasa lafiya, sai da masu gadi suka ɓamɓare shi. Kafin la'asar Mama ta iso, mayafi a hannu.

"Ɗan uwanka za ka tozarta saboda bare?"

"Mama, karaya biyu!"

"Ni nawa na yi? Na mutu?"

"Da kin mutu, da me za mu ce wa mutane? Banɗaki?"

Ta kwashe shi da mari. "In ka ba da shaida, kada ka sake tako mini gida!"

Ya ba da shaidar a kotu. Alƙali ya raba auren.

Ranar da aka cire wa Amarya filasta, Gwaggo ta kawo ta, kayansu a bayan mota, daga nan sai garinsu. Auta ya bar layin marasa lafiya ya fito da gudu. Amarya ta juya baya, tana shirin shiga motar.

"Ke, tsaya mana!"

Jakar ta suɓuce daga hannunta. Ta ƙanƙame Gwaggo kafin ma ta waiwaya. Da ta ga shi ne, sai hawaye.

"Yi haƙuri, Auta... Muryarku ɗaya."

Ya ɗauki jakar ya miƙa wa Gwaggo. Motar ta tashi.

Ya zo ne ya gaya mata yana sonta, tun kafin kowa. Amma ba shi da wata muryar da zai faɗa da ita, sai wannan.