Ayarin da Ba a Ratsawa

Gab da magariba Abdulmannan ya kashe injin ban-ruwa a gonarsa ta shinkafa, can hanyar Baturiya, ya hau babur zai koma Haɗeja. Injin tsoho ne ɗan Japan. A ƙasan akwatin da ya zo ciki ya tsinci wani ƙarfe zagayayye mai huji a tsakiya, shi kuwa da son ƙyale-ƙyale ya maƙala shi a makullin babur.

Ranar da ƙanwarsa Mardiyya, malamar tarihi, ta ga ƙarfen, sai ta ɓata rai.

"Yaya, wannan na jikin takobi ne. Zamanin da mayaƙa ke mulkin Japan, dole kowane sarkin yanki ya riƙa tafiya babban birni da ayarinsa. Talaka in ya gan su sai ya kauce, ya kifa goshi a ƙasa. Wanda ya ratsa ayarin, sare shi ake yi."

"To malama, in sun iso Haɗeja kya gaishe min da su."

Yau ga shi a kan siririyar hanya, ruwa dama, ruwa hagu, ciyawar kacalla ta fi shi tsayi. Haka kawai babur ya mutu.

Kwaɗi suka yi tsit. Iska ta kawo warin tsatsa da na jiƙaƙƙen ƙirare.

Sai taku. Caɓ. Caɓ. Ƙafafu da yawa, sauti ɗaya.

Suka ɓullo daga kacalla biyu-biyu, suna tsallaka hanyar a gabansa. Malafuna masu faɗi, takalman ciyawa, kowanne da takuba biyu a ƙugu. A tsakiya wani baƙin akwati ne rataye a sanda, an ɗauko shi a kafaɗa.

Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi. Ga 'yar tazara a tsakaninsu, zuciyarsa na cewa ratsa ka gudu. Sai maganar Mardiyya ta faɗo masa.

Ya ja da baya, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a cikin taɓo kamar mai gaida dattijo.

Ayarin ya tsaya.

Ɗaya ya fito, ya tsaya a kansa. Bakin kube mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa, yana danna shi ƙasa.

Goshi ake so.

Amma wuyan Abdulmannan ya ƙi lanƙwasa.

"Wannan na Allah ne," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ga naku."

Ya miƙa makullin da hannu biyu.

Ya ji an zare takobi. Ya runtse ido yana salati.

Fiu.

Sai kukan kwaɗi.

Hularsa na yawo a kan ruwa, gida biyu. Makulli na tafin hannunsa, ƙarfen babu. Sawun takalman ciyawa ya miƙe gabas. Da ƙafa ya turo babur har gida.

Mardiyya ce ta fara ganin siririn layin da ya ratsa tsakiyar kansa, inda gashi bai sake fitowa ba. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara tsokanarta ba.

Har yau, ko jerin tururuwa ya tarar a hanyar gona, Abdulmannan tsayawa yake yi sai ta ƙarshe ta wuce.