Dawar Cikin Toka

A can da, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa wadda rumbunta ya ƙone ana saura kwana bakwai Kirsimeti. Al'adar ƙauyen kuwa, ranar Kirsimeti kowane gida yakan ɗauki damin dawa, a shiga majami'a da rawa, a ajiye a gaba don godiya.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, bana kam yi zamanki a ɗaki. Me za ki kai? Toka?"

Da gari ya waye, tsohuwa ta fito, sanyi na cin yatsunta, ta tona tokar rumbun, ta tsince ƙwayoyin da wuta ta bari. Ko tafin hannu ba su cika ba. Ta zuba a ƙoƙo ta ce, "Na samu, Ubangiji. Na gode."

Washegari ta tona, ta tsince, ta ce, "Na samu, Ubangiji. Na gode." Haka har kwana bakwai.

Ranar Kirsimeti ta ɗora ƙoƙon a ka kamar dami, ta shiga layi tana taka rawa. Wasu suka rufe baki suna dariya. Fasto ya ga baƙar dawar, ya tare ta, ya rage murya ya ce, "Mama, koma da abinki, kin fi kowa bukata."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, ba kai na kawo wa ba. Matsa."

Fasto ya matsa. Ta ɗora ƙoƙonta a kan damin da ya fi kowanne girma, ta juyo, ita ta ba da waƙa.