Ɗan Tsakon da Ya Ƙi Fitowa daga Ƙwai

Auta ta shigo gida da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Mama! Mama! Ni ce ɗan tsako!"

Mama ta ɗago kai daga wanke-wanke. "Ikon Allah! Mutum na tura makaranta da safe, yanzu an dawo mini da ɗan tsako?"

"Wasan kwaikwayo za mu yi! Malama ta haɗa wani ƙaton ƙwai da kwali. Zan shiga ciki in ɓuya. Da kaza ta ce, 'Fito, ɗana!' sai in fasa in fito in yi rawa!"

Baba direban bas ne. Bai taɓa samun zuwa taron makaranta ba. Amma wannan karon ya ce zai nemi wanda zai riƙe masa motar. Auta ta yi ta tsalle har ta ture kujera.

Ranar wasan, Mama ta dafa shinkafa da nama da rana. Ita kuwa Auta, in dai shinkafa ce, ba ta san ƙoshi ba. Ta share farantinta tas. Ta miƙa aka ƙara mata. Ta sake miƙawa.

"Auta, ki bar wa cikin nan wurin numfashi," in ji Mama.

"Mama, da wane ƙarfi zan fasa ƙwan?"

Yayanta ya kwashe da dariya. "Wannan ai ba ɗan tsako ba ne, jimina ce!"

Auta ta murguɗa masa baki. Ta ɗora da burodi, ta kora da lemo.

Ɗakin taro ya cika maƙil. Auta ta shiga ƙwanta, Malama ta rufe. Ta leƙa ta wata 'yar ƙofa, sai ga Baba a layin gaba da sabuwar riga. Daɗi ya kama ta kamar ta yi ihu.

Amma cikin ƙwan nan akwai duhu, akwai ɗumi. Ga matashin da Malama ta sa mata don kada gwiwarta ta yi ciwo. Ga ciki ya yi dam. Ta yi hamma. Idanunta suka yi nauyi.

"Bari in ɗan rufe ido kaɗan," ta ce a ranta.

Wata doguwar yarinya ce kaza. Ta zo tana kaɗa fukafukan takarda.

"Fito, ɗana!"

Shiru.

"Fito, ɗana!" Kaza ta ƙwanƙwasa ƙwan.

Sai aka ji wani sauti daga ciki. Minshari ne, mai ƙarfi kuwa! Ɗakin taro ya ɓarke da dariya. Malama ta zo da sauri ta ɗaga murfin. Ga Auta a naɗe, baki buɗe, tana sharar barci.

Da ta farka, an riga an ja labule. Kunya ta rufe ta. Ta fashe da kuka.

"Baba, na ɓata komai! Ka bar aikinka a banza."

Baba ya share mata hawaye. Malama ta durƙusa kusa da ita.

"Me kika ci kafin ki zo?"

Auta ta lissafa. Malama ta riƙe baki.

"Ai dole! Idan aka cika ciki da yawa, jiki yakan shiga aikin narkar da abinci. Sai kasala ta zo, barci ya biyo baya. Gobe za mu sake yi wa 'yan ƙananan azuzuwa. Za ki iya?"

"Zan iya, Malama!" Ta juya. "Baba, za ka zo?"

"Gobe ina kan hanya, Auta. Amma zan gwada."

Washegari ta ci rabin faranti, ta sha ruwa, ta ture sauran.

"Mama, ki rufe mini wannan. Sai na dawo."

A cikin ƙwai ta zauna ido biyu. Ta leƙa layin gaba. Babu Baba. Ta duba na baya. Babu shi. Ranta ya sosu, amma ta gyara zama.

"Fito, ɗana!"

Fau! Kwali ya tsage. Auta ta yi tsalle ta fito, tana juyi tana kaɗa hannu. Yara suka miƙe suna ihu suna tafi.

Sai wata babbar murya ta taso daga bakin ƙofa.

"'Yata ce! Wannan 'yata ce!"

Baba ne, yana haki, makullin mota a hannunsa. Auta ta manta da sauran rawar. Ta diro da gudu ta faɗa jikinsa.

"Ka gan ni, Baba? Ban yi barci ba!"

"Na gan ki da idona!"

Tun daga ranar Auta ta gane. Idan akwai aiki a gabanka, ka ci abinci daidai cikinka, kada barci ya ƙwace maka abin da ka daɗe kana jira.