Bushin Tsamiya

Ana gab da magariba na baro Kabo a kan babur, hannu rabbana, raina a ɓace. Kwana huɗu ke nan ina neman abu ɗaya: bushin sandar sitiyari, ɗan zoben nan da ke riƙe sandar kada ta yi ta rawa. Na tsohuwar akori-kurar Babanmu ne ya cinye. Na karaɗe Gwarzo, na je Ƙofar Ruwa a Kano, ga shi Kabo ma babu. Duk wanda na nuna wa tsohon sai ya yi dariya ya ce, "Lurwanu, ai tun kafin a haife ka aka daina yin wannan."

Dariyar ba ta dame ni ba kamar maganar babban wanmu, Yaya Datti. Tun da Baba ya rasu yake mitar motar ta tare ƙofar gida. Ya ce in Juma'a ta yi ba ta hau titi ba, 'yan gwangwan za su zo su yanka ta. Motar da Baba ya koya mini riƙe sufana a jikinta! Wai a auna ta a kilo kamar tsohuwar tukunya, ni kuwa ina raye, ana kirana bakanike.

Na bi yanke ta cikin gonaki. A nan na ga wata tsamiya, reshe ɗaya ya tsage yana reto. Zuciyar tsamiya kuwa ƙarfe ce, in aka fere ta za ta yi bush. Na san abin da ake faɗa, wa ya tashi a ƙasar nan bai sani ba? Ba a taɓa tsamiya da magariba. Amma takaici ya rufe mini ido. Na zaro zarto, ko bisimilla ban yi ba, na yanko guntu kamar tsawon tafin hannu.

Tsuntsayen da ke kanta suka yi tsit lokaci guda. Na ji ƙauri kamar na ƙonannen gashi. Na yi tsaki na tayar da babur.

Washegari Alhamis na wuni a kansa. Na fere, na huda, na cika shi da giris, na zura sandar. Ya zauna daram. Sitiyarin da ke ta wasa ya tsaya cak. Rana ta yi ja kafin na ɗaure noti na ƙarshe.

Yaya Datti ya leƙo ya taɓe baki. "Gyara a baki ba gyara ba ne. Mu ga tafiya."

Ya shiga gefena, muka hau titin Kabo. Wallahi ko a hannun Baba ba ta taɓa laushi haka ba. Har na buɗe baki zan yi masa gori, sai sitiyarin ya juya da kansa. Muka sauka daga kwalta, muka shiga hanyar gonakin jiya.

"Ina za ka kai mu?"

"Yaya, ba ni ba ne."

Na ja da hannu biyu. Kamar ina jan ginshiƙin ɗaki. Na taka birki, ya nutse har ƙasa. Na murɗa makulli, inji ya mutu, mota ba ta tsaya ba. Ba ƙara sai ƙas-ƙas ɗin kara a ƙarƙashin taya. Daga nesa wani ladan ya fara kiran magariba.

Ƙaurin nan ya cika motar.

Wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a ƙafa daga jikin sandar. Na san giris, ba ya ɗiga haka. Sai na ji kuka siriri a ciki, daidai inda na sa bushin. Kukan yaro ne da ya gaji da kuka.

Yaya Datti ya damƙi hannuna. "Me ka sa a ciki?"

"Tsamiya," na ce a hankali.

"Innalillahi! Lurwanu, ka kashe mu."

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata. Bayanmu kuwa ba kujera, gilas ne kawai. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa.

"Hannun ɗana."

Na kasa waiwaye. Amma ko a lokacin haushi bai sake ni ba. Kwana biyar ina wahala! Na ce, "Baiwar Allah, ki yi mini haƙuri zuwa gobe kawai."

Sitiyarin ya yi zafi kamar kasko. Tafukana suka manne.

Ga tsamiyar a gabanmu, baƙi ƙirin.

Yaya Datti ya banke ƙofarsa, ya shaƙo wuyan rigata yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya fizge ni. Fatar tafukana ta zauna a jikin sitiyarin. Muka zube a kan kunyar gona, muka tashi da gudu.

Sau ɗaya na waiga. Motar ta gangara a hankali ta tsaya a gindin bishiyar, kukan ya ɗauke.

Ran Juma'a da hantsi muka koma da limamin unguwarmu, hannuwana a naɗe. Daga jikin sandar sitiyarin wani tsiro ya fito, ganye shar, har ya kai gilas. Liman ya yi addu'a ya ce kada kowa ya ƙara taɓa ta. 'Yan gwangwan ma sun zo da gatarinsu, suka hango ta, suka juya ko sallama babu.

A hanyar gida Yaya Datti ya ce, "Na bar maka ita, Lurwanu."

To, ta zama tawa, babu mai yanka ta. Duk sanda na bi ta wajen nakan kashe babur in tsaya a bakin gona in kalle ta. Taku ashirin ne tsakaninmu, shekara biyu ke nan na kasa yin su.