Sunan da Tsahara Ta Ƙi Kira

Shekara tara bayan ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, mutanen Maraɗi suka hau tudu, wata Laraba da la'asar Tsahara na tsaye ƙyam a zauren gidansu a Sabon Gari, takalmi a ƙafa, hannuwa a gefe kamar soja. Saurayinta Idirisa ya kife turmi ya zauna a bayansa, wai shi ne Madam, Baturiyar gidan likita.

"Fita ki sake shigowa! Kin kuma sunkuyar da kai."

"To ina zan sa idon?"

"Cikin nata. Nasara in ba ki dube shi ba cewa yake ƙarya kike. Kar ki tuɓe takalmi, kar ki durƙusa. Bonzhur Madam, ki miƙa hannu, shi ke nan."

Idirisa planto ne, wato ɗan aike, a buro, ofishin Nasara, shekara uku yana kai takarda daga tebur zuwa tebur, don haka yake ganin ya gama sanin Nasara. Ita kuwa Tsahara tana cikin 'yan matan da aka kai lakwal, makarantar boko, da ƙarfi suna ƙanana, iyaye na kuka. Ta fito da karatu, da kuma tambayar da ba ta ƙarewa. Kullum ta wuce gidan likita sai ta leƙa taga. Me ke cikin kwalaben nan masu ruwan ƙasa? Yaya ake gane zazzaɓi da ɗan tsinken gilashi? Da aka yi shela cewa Madam ɗin da ke riƙe da gidan na neman mace guda mai karatu ta taimaka mata, ita ta fara kai sunanta.

Inna Tasalla, mahaifiyarta, ta leƙo da taɓarya a hannu.

"Mi nike ji? Kai Idirisa, ɗiyar tawa kake koya wa zare wa manya ido?"

"Inna, aikin ne haka."

"Babanka ya san da wanga aiki?"

Idirisa ya hau sosa ƙeya. Sai da aka matsa masa ya faɗi abin da ya kwana biyu yana ɓoyewa. Mahaifinsa, Malam Hamidu na Tibiri, ya ce goron neman aure ba zai bar gidansa ba. Wai yarinyar da ta saba tsayawa a kan manya tana ƙwala musu kira, gobe a kansa za ta tsaya.

Hawaye suka zubo wa Tsahara.

"Kin ji ko?" in ji Inna. "Ki bar musu burodinsu da kwalabensu. Miji ya fi buro!"

"Inna, don Allah bari dai in je in gani."

"Gani! Tun kina rarrafe gani ke kai ki bakin murhu."

Duk da haka ta shirya, tana kuka tana shiri. Ta wanke zanenta na saƙi ta goge da dutsen guga, ta yanke farce, ta ɗauko tsohon kayenta, littafin rubutunta na lakwal, ta yi ta karantawa da ƙarfi har kaji suka shiga akurki.

Da safe su uku masu neman aikin suka je. Madam doguwa ce, mai gajeren gashi. Tsahara ta shiga da takalminta, ƙafafun na mata nauyi kamar ta taka tabarmar salla, ta ce bonzhur, ta dubi idon matar. Ashe ma kore ne, irin na kyanwa! Mamaki ya sa ta manta da tsoro. Madam ta juya tafin hannun Tsahara, ta duba farcen, sannan ta miƙa mata takarda ta ce cikin Faransanci:

"Marasa lafiya suna waje. Kira su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ina ji."

Tsahara ta tsaya a bakin ƙofa. Mutane na zaune a inuwar tsamiya. Ta kira na farko, ya taso. Ta kira ta biyu, wata mata daga Jiratawa da goyo. Ta kira na uku. Ta sauke ido a layi na huɗu, sai ga shi a rubuce: Hamidu, Tibiri, ciwon baya.

Ta ɗaga kai. Ga shi can a gindin tsamiya, da farin rawani, jakinsa a ɗaure kusa da shi, ya kafe ta da ido. Ba ciwo ya kawo shi ba, ta sani. Kallo ya zo.

"Ina jira!" in ji Madam daga baya.

In ta kira, aure ya tafi. In ta yi shiru, aiki ya tafi. Ta zare takalmanta a nan bakin ƙofa, ta taka rairayi har gabansa, ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, ina kwana. An zo kanka."

Madam ta fito fuska a murtuke. "Ba ki iya karanta shi ba ne?"

"Na iya, Madam. Faɗarsa ce ba zan iya ba. Uban wanda ke nemana ne."

"To, sai me?"

"Mace ba ta kiran sunan surukinta. Ba ta kiran na mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari."

Madam ta koma ciki da sauri, ta fito da babban littafin gidan, ta buɗe. Shafi bayan shafi, gurbin sunan miji fayau.

"Shekara uku ina tambayarsu, suna rufe baki da gefen zane suna dariya. Na ɗauka raina ni suke! To yaya ake sani?"

"A tambayi wadda ta rako ta."

Madam ta juya ga 'yar Jiratawa ta gwada, ta tambaye ta sunan mijinta. Matar ta rufe fuska, maƙwabciyarta ta ce, "Nomau sunanshi, ke kuma sai ka ce amarya!" Gindin tsamiya ya kwashe da dariya. Madam ta rubuta, tana girgiza kai, ta ce wa Tsahara ta dawo Litinin, za a ɗinka mata farar riga.

Sai dai takarda ta riga ta ce ciwon baya, Madam kuwa ba ta wasa da takarda. Aka shiga da Malam Hamidu. Tsahara ta roƙi a bar ta a waje, aka kira wani ma'aikaci ya yi tafinta. Ba a jima ba allura ta shiga, aka ji, "Wayyo! Na ce maku ya yi sauƙi!"

Idirisa, wanda ya saci jiki daga buro ya laɓe bayan katanga, ya rugo ya kama wa mahaifinsa jaki. Tsoho ya hau a karkace, yana cije baki.

"Sannu, Baba. Jikin ne?"

"Rufe mini baki! Ni na kai kaina." Ya gyara rawani, ya saci kallon Tsahara da ke durƙushe nesa kaɗan. "Ka biya wajen kawunanka. Juma'a bayan masallaci a kawo goro."

"Aikin fa, Baba?"

"Ta yi abinta. Gara a samu mai kunya a gidan ga, ko a rage sokin bayin Allah."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Tsahara ta yi shekara ashirin da shida a gidan likita, kuma duk wadda ta zo neman aiki a hannunta takan ce mata: ki koyi yadda masu gida ke son a shigo musu, ki tsabtace jikinki, ki san abin da za ki faɗa. Amma kada ki bar tarbiyyar gidanku a waje don ki burge wani. Abin da kike jin kunyar nunawa, wataƙila shi suka daɗe suna nema.