Jan Biro a Kan Ruma

Ranar Talata da hantsi Malam Abdulgaffar, tsohon hedimasta, ya faɗo caji ofis na Batsari hula a karkace, 'yarsa Rahma na biye da shi. Sufeto Sharhabilu ya ture kofin shayinsa gefe, don dattijon ba mai gaggawa ba ne.

"Jiya aka sace taswirar yarinyar nan, Sufeto. Yau ga ta a wayar kowa."

Sufeto ya karɓi wayar. Hoton taswira ne, an zagaye Darini da Zakka da Ruma da jan biro. A ƙasa an rubuta: "Ga inda jirgi zai sauke wa ɓarayin daji makamai ranar Alhamis."

"Tun safe ake jifan ƙofarmu," in ji dattijon. "'Yan sa-kai sun ce bayan la'asar za su zo su tafi da ita."

Sufeto ya dubi agogo. A ƙasar da mutane suka gaji da binne 'yan'uwansu, ya san ba a tsayawa neman shaida.

"Malama Rahma, me ya haɗa ki da garuruwan nan?"

"Yallaɓai, matuƙiya ce ni. Wani likita ya sayi ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, zan kai masa daga Katsina zuwa Legas, in sha mai a Minna. Injinsa ɗaya ne. In ya mutu a sama, dole in san filin da zan sauka. Shi ya sa na je na duba fage a Darini da Zakka."

"Ruma fa?"

"Ban taɓa sa Ruma ba, layina ma ya kauce wa dajin da ke wajen. Kuma da fensir nake zane, don iska na canzawa. Har lissafin nauyi da na yi a bayan takardar, na mai da na kaya, da fensir ne."

Sufeto ya buɗe hoton da yatsu biyu. A ƙarƙashin jan Darini da na Zakka ana hango zanen fensir. A kan Ruma ja ne kawai.

Suka wuce gidan. A zaure Rahma ke aikinta, kuma lokacin sallar azahar aka ɗauke takardar. Ba a ɓalle ƙofa ba. Kwamfutarta na kan tebur, ko matsar da ita ba a yi ba. Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki takarda, ai ba yunwa ce ta aiko shi ba.

"Wa ke shiga nan ba a tambaye shi?"

"Haliru ɗan acaɓa, wanda ya kai ta ƙauyukan," in ji dattijon. "Sai maƙwabcina Malam Nu'uman, malamin firamare a wajen Safana. Tare muke sauraren rediyo."

A tasha Sufeto ya iske Haliru yana goge babur ɗin da ba datti a jikinsa.

"Wa ka ba labarin tafiyarku?"

"Wallahi ba kowa, yallaɓai. Ni bakina alaikum."

"Mai shayin can ya ce har da kwaikwayon ƙarar jirgi ka yi."

A gaskiya mai shayi bai faɗa masa haka ba, Sufeto ko gaishe shi bai yi ba. Amma Haliru ya sunkuyar da kai.

"To, na ɗan taɓa hira a majalisa. Mutum ya ɗauki direbar jirgi a bayansa, ya yi shiru?"

"Wa ya fi yi maka tambaya?"

"Malam Nu'uman. Sau uku yana tambayata ko mun je Ruma, ina ce mashi a'a."

A cikin mota Sufeto ya sake leƙa hoton. Teburin da aka shimfiɗa taswirar a kai ya yi fari da garin alli. Ya ce wa direba ya ɗauki hanyar Safana, ya taka sosai.

An tashi yara, Malam Nu'uman na zaune shi kaɗai a aji yana makin jarrabawa. Suka gaisa, gida, aiki, gajiya, kamar ba komai.

"Malam, ka taɓa ganin taswirar nan?"

"A waya dai, kamar kowa."

"Kana ganin 'yar maƙwabcinka za ta aikata?"

"Allah masani, Sufeto. Amma a tambaye ta, kayan nan kilo tamanin da ta rubuta, mene ne in ba harsashi ba?"

Sufeto ya ajiye wayar a gabansa a hankali.

"Nuna mini kilo tamanin a hoton nan."

Malam ya duba, ya sake dubawa. Hoton gaban takarda kawai ya ɗauka, lissafin kuwa yana bayanta. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Buɗe durowar, Malam."

Tana nan a ninke a ƙarƙashin rajistar aji. Sufeto ya juya bayanta ya karanta da ƙarfi: akwatin tufafi, ruwan sha, tayar safaya, kayan gyara.

Jan biron da yake maki da shi ya suɓuce daga hannun Malam Nu'uman.

"Bara aka kashe ƙanena Musbahu a gonarsa a Ruma," ya ce. "Kwana biyu kafin nan mutane sun ji ƙarar jirgi a kan dajin. Da na ji Haliru na labari, barci ya ƙaurace mini. Na ɗauka ne don in gani da idona."

"Ka ga Ruma?"

"Ban gani ba. Sai zuciya ta ce mini ɓoyewa ta yi, na sa mata."

Tausayinsa ya kama Sufeto, haushinsa kuma ya fi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ba ya jefa wa maƙwabci wuta.

"Tashi. Kafin caji ofis, akwai inda za ka fara maimaita wannan magana."

Ana sallame la'asar suka iso. Ƙofar Malam Abdulgaffar ta cika da mutane, wasu da gora, wasu da bindigar toka. Sufeto ya ɗaga taswirar sama, ya tura Malam Nu'uman gaba. Malam ya faɗi komai, bai rage ba. Sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa.

Wani kofur na sa wa Malam Nu'uman ankwa, Rahma ta fito daga zaure, idanunta sun yi ja.

"Malam," ta ce, "a aji huɗu kai ka fara nuna mini gabas da yamma a kan taswira. Ranar na koma gida na ce wa Baba jirgi zan tuƙa."

 Malam Nu'uman ya ɗaga hannuwansa biyu da ankwar ya rufe fuska, aka sa shi a mota.