Ɗoɗɗoyar Benedita

Wani dare a watan Yuni, Benedita ta farka da wani irin sauti a barandar gidansu. Ba kukan kyanwa ba ne, ba kuma ƙarar igiyar shanya ba. Shuuu, sai a tsaya. Shuuu, sai a tsaya. Kamar saniya na numfashi a cikin buhu. Kafin ta lalubi takalmi ta buɗe ƙofa, babu kowa, sai kaskon ɗoɗɗoyarta, ganyensa na rawa alhali ba iska.

Tomé ne ya ba ta kaskon nan. Sun haɗu a gidan abincin Dona Odete, ɗan ƙaramin wuri ne, in mutum zai miƙe sai na bayansa ya ja kujera. Tomé ke gasa kifin sadin a bakin ƙofa. Tana wucewa hayaƙi ya shige mata ido.

"Yi haƙuri, 'yammata," ya ce. "Ban taɓa sa mace kuka tun kafin in san sunanta ba."

Ta yi dariya tana share hawaye, ta gaya masa sunan. Ranar bikin Santo António, waliyyin masu neman aure, ya kawo mata ɗoɗɗoya, kamar yadda kowane saurayin kirki ke yi a unguwarmu ta Graça, da jan furen takarda a soke a tsakiyarta.

To ita ɗoɗɗoyar masoya ba a sa mata hanci. Shafa ta ake da tafin hannu, a sunsuni hannun. Wanda ya sa hanci ya kashe ta. Ina jin tsiro ma yana da kunya irin tasa.

Tun daga daren da ta ji sautin nan ganye ya fara yaushi. Babanta, Senhor Amílcar mai gyaran agogo, wanda ya raine ta shi kaɗai bayan rasuwar uwarta, ya tsaya a kan kaskon yana kaɗa kai.

"Kin gani? Ko ganye ya san mai gasa kifi ba miji ba ne. Abin da aka bayar da zuciya biyu ba ya daɗewa."

Ta yi fushi, ta daina haɗa ido da shi, amma maganar ta shige ta. Ta tuna yadda Sílvia, mai kai abinci tebur, ke yi wa Tomé dariya har da dafa kafaɗa. Ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Tomé, ɗoɗɗoyar na mutuwa. Gaya min gaskiya, ni kaɗai ka saya wa?"

Amsa ta zo nan take: "Dita tawa, ke kaɗai, babu ta biyu. Amma ɗoɗɗoya ba ta mutuwa sai an sa mata hanci. Hancin wa ke hawa barandarku?"

Ta kife wayar. Shi ma bai ƙara ba.

Ana cikin haka ranar haihuwar Senhor Amílcar ta zo, aka haɗa tebura a gidan Dona Odete. Ga dangi, ga abokansa na kati, ga maƙwabciyarsu Dona Graciete, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Aka jera burodi da zaitun da cuku. Tomé ya shigo da faranti, ya ajiye wa kowa kifinsa a kan burodi, na Benedita ya ajiye ba tare da ya dube ta ba. Ita kuwa Sílvia take bi da ido. A ranta ta riga ta yanke: in an tashi za ta mayar masa da busasshen kaskonsa.

Dona Odete ta zo da tasar dankali. Sai ta tsaya cak, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa na mai biki.

"Amílcar, me ya sami gashin bakinka?"

"Ruwan inabi ne."

"Wanda ban zuba ba tukuna?"

Benedita ta dubi babanta da kyau, karon farko tun da suka fara gaba. Farin gashin bakinsa ya yi jaja-jaja kamar cikin gwaba. Dona Odete ta baje yatsunta a ƙarƙashin fitila. Launinsu ɗaya.

"Ni nake naɗa furannin takardar nan. Raɓa na taɓa su sai su zuba, kuma ko da toka ka wanke ba ya fita. Tsoho da kai, me ya kai bakinka cikin kaskon yarinya?"

Abokan kati suka fashe da dariya, ɗaya har ya ƙware. Benedita ba ta yi ba.

"Baba, kai ne?"

Ya daɗe yana juya cokali mai yatsu. "Daren farko da gangan na yi. Na ce bari ta bushe, ki zauna. In kin tafi, ni da agogo kaɗai za mu rage." Ya ajiye cokalin. "Sauran dararen kuwa... hannun uwarki haka yake ƙamshi duk watan Yuni. Na kasa dainawa."

Kitsen kifi na ta ɗiga a garwashi.

Tomé ya goge hannu a jikin riga, ya matso. "Senhor Amílcar, ɗakina yana bayan gidanku. In kun yi tari ina ji. Ba nisa zan kai ta ba." Ya juya. "Dita, na zarge ki."

"Ni ma na zarge ka, sarkin hayaƙi. Har da Sílvia."

"Ni?" in ji Sílvia. "Warin kifin da nake sha a wurin aiki bai ishe ni ba?"

Tsohon ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a kan na Tomé. "Bikin Santo António mai zuwa za a ɗaura auren, a cocin unguwa. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu hankali, ba irin kakansu ba."

Aka ɗaga kofuna, aka ce amin. Dona Graciete ce kaɗai ba ta ɗaga ba. Ta gyara zaman tabarau, ta dubi Amílcar.

"To ni tawa ɗoɗɗoyar, wadda na tsinta a bakin ƙofata bara ba suna, wa ya ajiye ta?"

Senhor Amílcar ya duƙufa yana cire ƙayar kifi.